Hod ɗin Bayan Gidana

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya zo ya ce mini zai buɗe mashtal, wato wurin rainon dashe. Wai mutane sun fara komawa gidajensu bayan yaƙi, kowa zai nemi abin shukawa, shi kuma ya gani a waya yadda ake yi: a cika leda da ƙasa, a soka reshe, a fesa ruwa. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ban ƙara ba, don na san ko na yi magana idonsa na kan wayar. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ku yaran yanzu in kun ga dattijo riƙe da tiyo a ƙofar wani gida sai ku ce ya sami aikin hutu. To bari in gaya muku yadda aikin yake, da yadda na rasa nawa. Mutane da yawa suna cewa yaƙi ne ya cinye musu sana'a. Ni tawa ta riga yaƙin mutuwa, kuma ba baƙo ne ya kashe ta ba.

A Jazira aka haife ni, a kambo, wato zangon masu cirar auduga. Da na tasa na gangaro Khartoum, na faɗa hannun Usta Bashir, wani tsoho mai mashtal a Alsahafa; usta muke ce wa gwanin sana'a. Na daɗe a wurinsa kafin ya bar ni in taɓa ganye. Aikina tankaɗe gurera, wato laƙar bakin kogi da mota ke juyewa, in haɗa ta da yashi da taki. Takin ma ba kowanne ba. Sai ya sa in cusa hannu cikin tsibin har gwiwar hannu, in akwai ɗumi ya ce a bar shi, bai mutu ba tukuna, zai ƙone saiwa. Daga nan ɗaukar ruwa da garwa biyu a sanda, safe da yamma, har kafaɗata ta yi kanta. Kayan aikinsa ba su da yawa: toriya, wadda ita ce fartanyarmu ta nan, shebur, almakashin askin bishiya, sai wata 'yar wuƙa da yake naɗewa a tsumma ya sa a aljihun gaba. Da ita yake aurar da bishiya. Zai ɓanƙare ido daga reshen uwa mai kyau, ya tsaga fatar ƙaramin dashe, ya zura idon, ya ɗaure. Ba ya yanka komai da wuƙar nan sai wannan, ko igiya ce kuwa.

Akwai wani aiki da ba na mantawa, a wani sabon gida mai bene. Mai gidan yana son najila, ciyawar nan da ake shimfiɗawa kore shar a tsakar gida, kuma yana son ta kafin bikin 'yarsa, a tsakiyar bazara. Da na sa toriya sai ta buga wa abu. Magina sun binne ɓaraguzan siminti da guntayen bulo suka rufe da yashi, kamar yadda suka saba. Sai da muka kwashe wannan duka, muka zuba gurera, muka daidaita ƙasa da katako don kada ruwa ya kwanta a gefe guda, sannan muka bi layi a tsugune muna dasa ciyawar saiwa saiwa. Na ce wa mai gidan a ba ta ruwa da sassafe da bayan la'asar, kada a kuskura a fesa da rana tsaka. Na dawo na tarar mai gadinsa yana fesawa da azahar don maigida ya gani ta taga ya san ana aiki. Ciyawa ta dahu. Wa aka kira? Ni. Haka masu saye suke. Wata za ta ce lallai sai fure mai son inuwa a bakin gareji inda rana ke kwana, in ya bushe ta ce ka sayar mata da mara lafiya. Wani ya bar akuya ta shiga, ya ce iri ne ba kyau. Wannan duka na jure, don cikin sana'a yake.

Ranar da zan bar Usta Bashir in kama nawa, bai yi mini dogon jawabi ba. Ya ɗauko wani ɗan lemun tsami a gwangwani, wanda ya aura da hannunsa daga tsohuwar bishiyarsa, ya ce, “Haruna, wannan ita ce jarinka. Ka ba ta ruwa kafin ka sha.” Lemo ne mai siririn ɓawo, ruwa cike, kuma yana 'ya'ya a watannin zafi lokacin da na kowa ya tsaya. A mashtal irin wannan bishiya uwa muke ce mata, don daga jikinta ake ciro idon da ake aura wa sauran. Duk lemun da na taɓa sayarwa, daga Kasuwar Libiya ta Omdurman har tsallaken gada, ɗanta ne.

Na sami fili a Dar Salam, can ƙarshen ƙarshen Omdurman, inda in ka tsaya a bayan gidana ba ka ganin komai sai fili da kalgo da awaki. Wurin ƙauye ne a lokacin. Maƙwabcina na jikin katanga Adam ne, ɗan kambonmu, tare muka yi wasan ƙasa, iyayenmu sun ci a akushi ɗaya. Tare muka kwaɓa ƙasa muka ɗora katangar da ta raba mu. Na dasa uwa a bayan gida, kusa da ita kuma na gina hod, wato kwarmin siminti na tara ruwa, tsayinsa ya kai ƙirjina. Ku fahimci wannan da kyau, don duk labarin a kansa yake. A Omdurman, dashe da ke cikin baƙar leda in ya rasa ruwa kwana biyu a bazara ya tafi. Famfo kuwa, ko da ya iso unguwarmu, ya zo yau ya ɗauke gobe, ba ya sallama da kowa. Hod shi ne abin da ke riƙe ran mashtal tsakanin zuwan ruwa da ɗaukewarsa. Ina sa masa ƙananan kifi daga kogi su cinye tsutsar sauro, ina kwashe shi in wanke in ya fara kore.

A layinmu babu inuwa ko ta tsayuwar jaki. Ni na bi ƙofa ƙofa na dasa nim, darbejiyar nan, na kewaye su da ƙaya, na yi ta ɗaukar musu ruwa har suka kama. Ban nemi komai ba. Da suka girma, a ƙarƙashinsu ake shimfiɗa tabarmi a sha ruwa da azumi, a nan ake kafa rumfar biki da ta mutuwa.

Sannu a hankali unguwa ta cika, filin bayana ya zama gidaje, sai aka fara magana. Ta farko a kan taki ce, wai wari da ƙuda. Ban musa ba, taki ba turare ba ne. Na mayar da tsibin can kusurwa na rufe da buhuna. Abin da ke ba ni dariya mai ɗaci, duk shekara in damina ta matso, masu toshe hancin nan su ne za su zo da baro su ce, “Usta, a taimaka da ɗan zibala.” Da kashin dabbobin nan ake kwaɓa yaɓen da ke hana ruwan sama cin katangar ƙasa. In sun gama yaɓe gidajensu, takin ya koma wari.

Ta biyu Adam ne ya kawo ta da kansa. Ya same ni ina jera leda ya ce, “Ya ɗan'uwa, maganar motar gurera ce. Mutanen da ke tsaye a samanta suna hango tsakar gidana. Iyali na wanka, suna shanya. Ka san katangarmu gajeriya ce.”

Na ce, “Kana da gaskiya, Adam. Ma'alesh, a yi haƙuri.”

Daga ranar na hana babbar mota shiga layin. A bakin hanya take juyewa, ni in yi ta jigila da baro. Aikin yini guda ya koma na uku, bayana ya fara ciwon da har yau bai bar ni ba. Ban ji haushi ba, domin magana ce ta mutunci, da ni ne ma haka zan yi. Aka ce masu saye suna fakin a ƙofar mutane, na koma kai musu da kaina. Aka ce injina na janye ruwan famfo, alhali kowane gida da nasa injin yana zuƙa, na daina kunnawa sai kowa ya cika. Awakinsu kuwa da suka sha tsallako mini suka cinye gwaiba layi guda, ban taɓa kai ƙara wajen lajna ba, kwamitin unguwa. Ina cewa maƙwabtaka ce, ana ba ka kana bayarwa.

Sai waccan shekarar ta zo. Ruwan sama ya sauka fiye da yadda ƙasarmu ke iya sha. Layi ya zama tafki, ramukan da aka haƙa ƙasar gini suka cika suka yi kore, sauro ya yi yawa har da rana yana cizo. Zazzaɓi ya shiga gida gida. Matata ta kwanta ta tashi. 'Yar Adam, Safiya, ƙaramar yarinya da ke zuwa in tsinko mata lemo tana lasa da gishiri, ta kwanta ba ta tashi ba.

Ni na fara riƙe sandar rumfa. A ƙarƙashin nim ɗin ƙofata aka kafa ta, don nan ne inuwa ta fi kauri. Daga hod ɗina aka yi ta ɗiban ruwan wanke kwanuka da na yayyafa ƙasa, saboda famfo ya ɗauke tun kafin rasuwar. Kun san yadda muke ta'aziyya a nan: ka tsaya gaban mai mutuwa ka ɗaga tafin hannu ka ce Fatiha, shi ma ya ɗaga. Na yi wannan, na zauna kusa da Adam kamar yadda ɗan'uwa ke zama, ina miƙa shayi ina karɓar baƙi.

Ranar da za a tashi zaman makokin, bayan la'asar, rumfa cike, Malam Yakubu limamin masallacinmu ya yi gyaran murya. Shi ne kuma babba a lajna. Ya yi wa yarinya addu'a, ya yi maganar haƙuri, sannan ya juyo gare ni.

“Usta Haruna, kai namu ne, ba wanda ke da abin faɗa a kan halinka. Amma jama'a sun daɗe da damuwa da ruwan da ke kwance a bayan gidanka. Yau ga abin da ya faru. Ba mu ce kai ne ba, ajali na Allah ne. Roƙonka muke, don zuciyar ɗan'uwanka ta huce, ka fasa hod ɗin nan.”

Na dubi Adam, kansa na ƙasa, idonsa ya kumbura. Ina da amsa. Ina iya cewa mu tashi yanzu mu leƙa hod ɗin mu ga ko akwai tsutsa, sannan mu bi gida gida mu buɗe ganga da randa, mu je ramin bayan masallaci da ya yi wata yana wari. Amma ta yaya za ka yi gardamar sauro a gaban mutumin da ya binne 'yarsa shekaranjiya? Sun san ba zan iya ba. Shi ya sa ba su kira ni ofishin lajna ba, ba su same ni a gida ba, suka jira rumfar makoki. Wannan ne abin da har yau ban yafe ba. In da sun zo mini a ranar da ba mutuwa, da mun yi magana irin ta maza, in rufe hod da murfi, in yi duk abin da suka ce.

Na ce, “Malam, in na fasa shi, dashena ba zai kai bazara ba.”

Ya ce, “Allah zai musanya maka, ya Usta. Mu yi Fatiha a kai.”

Ya ɗaga hannu, rumfa gaba ɗaya ta ɗaga. Adam ma ya ɗaga, bai dube ni ba. A wurinmu abin da aka shafa wa Fatiha ya ƙare, wanda ya koma kansa ba zai sake zama a tabarmar mutane ba. Na ɗaga nawa.

Ban san wane sauro ne ya ciji Safiya ba. Su ma ba su sani ba. Abin da suka sani shi ne ruwana ne kaɗai ke da mai shi da za a iya nuna wa yatsa.

Washegari da safe na kwashe kifin a bokiti na ba yaran layi, na buɗe hod ruwan ya malale gindin uwa, na ɗauki guduma. Simintin da na kwaɓa da kaina ne, na san inda yake da ƙarfi, bai ba da kai da sauƙi ba. Ba wanda ya zo taya ni, kuma ba wanda ya zo ya ce in dakata. Matata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Da ka bar ko rabi.” Na ce Fatiha ba ta da rabi.

Lokacin sanyi ya rufa mini asiri. Na sa ganguna masu murfi, in famfo ya zo in cika, in ya ɗauke in kira mai karo, amalanken jakin da ke sayar da ruwa. Na fara cewa wataƙila zan tsallake. Sai zafi ya shigo, famfo ya yi tafiyar da ya saba. Ganga ba ta shayar da mashtal, kamar ka ce za ka ƙosar da gida da cokali ne. Ruwan karo kuma daga wata rijiyar burtsatse ake kawo shi, mai gishiri. Kana zubawa, in ya bushe sai ka ga farin zobe a bakin leda, gefen ganye ya ƙone.

A nan ne na koyi abin da Usta Bashir bai koya mini ba, wato zaɓen wanda zai mutu. Na fara janye ruwa daga furanni, jahannamiya da sauransu, na ce su ado ne. Sannan lalle da gwaiba. Mangwaron da na aura da hannuna, wanda har ido ya kama ya tofo, na bi layinsu da safe ina wucewa da bokiti ban tsaya ba. Duk ruwa mai daɗi da na samu sai na kai wa uwa. Har na wankin fuskata a gindinta nake yi. Amma bishiya ce da ta girma saiwarta na shan danshin hod, ba ta san ƙishi ba. Ganyenta ya naɗe, ya zube, 'ya'yan suka faɗo ƙanana. Ina kankare fatar reshe da farce ina neman kore, kullum sai na ƙara sauka ƙasa kafin in samu. Wata safiya na kankare gindin kansa, ya fito launin ruwan ƙasa, babu kore. Na zauna a kan ɓaraguzan hod, raina ya yi baƙi ƙirin, kuma ba da Allah nake fushi ba.

Za ku ce ai 'ya'yanta na nan a gidajen mutane, in je in roƙi ido. Haka ne. Usta Bashir ya rasu, wurinsa ya zama shaguna, amma na san gidajen da lemuna yake. To in ciro idon in aura wa wa, in shayar da shi da me? Na koma aikin yini, ina bin gidaje da almakashi a kafaɗa, a shekarun da ya kamata a ce ina zaune ana kawo mini. Wani lokaci a kira ni askin lemo in tarar ɗan uwar bishiyata ne, ya yi 'ya'ya jingim a watan zafi. Matar gida ta kira ni ammu, wato baffa, ta ce, “Ka san irin wannan lemon? Ba a samunsa yanzu.” In ce na san shi.

Damina ta sake zagayowa, babu hod, zazzaɓi ya dawo layinmu kamar yadda ya saba, ya kwantar da mutane, ya ɗauki wata tsohuwa. Na zauna a waccan rumfar ma, a inuwar nim ɗina. Na jira ko wani zai gyara murya ya ce, Usta, ashe ba ruwanka ba ne. Malam Yakubu ya yi maganar haƙuri da ƙaddara, aka shafa, aka watse. Da lokacin yaɓe ya zo kuwa, har da wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da baro, ya manta babu sauran taki.

Ni da Adam muka koma gaisuwar hanya. Kwayis? Kwayis, wato lafiya lau. Ba faɗa, ba zama. Sai wata Juma'a da hantsi na ji sallama, na fito na gan shi tsaye, ya rame, hularsa a hannu. Na ce ya shigo. Tun ranar rumfa bai taka bayan gidana ba. Ya tsaya yana kallon wurin: tarin busassun leda, kututturen uwa, ramin da hod yake a da.

Daga baya ya ce, “Kabarin Safiya zan je. Ƙasa ce kawai a kai, iska na kwashewa. Uwarta ta ce ko za a sami sabbar a dasa mata.”

Sabbar shi ne ɗan tsiron nan mai kaurin ganye da ƙaya a gefe, mai ɗacin ruwa, wanda muke dasawa a kan kabari. Ina da shi a jikin katangar da muka gina tare, ya yi 'ya'ya ya cika wurin, ba wanda ya kula shi. Na ɗauko toriya na haƙo mafi kyau, da saiwarsa da ƙasarsa, na naɗe a tsumma. Yarinyar ba ta yi mini komai ba. Na gaya masa ya dasa ta wajen kai, ya danne ƙasa da kyau, ya sa dutse a gefe saboda awaki.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Haruna, sau nawa zan riƙa kai masa ruwa?”

Na ce, “Kada ka wahalar da kanka. Ba ya buƙatar ruwa. Shi ya sa ka same shi.”